Tabaran Ɗayyabu

Ɗayyabu ɗan ƙanwata ya dawo daga birni
da kwamfuta a buhu, da batir, da faifan sola.
Ya kafa rumfa jikin injin niƙan Barau,
ya rataye tabarau uku a ƙusa.
Naira hamsin, minti goma, ba bashi.

Ina gindin ɗorawa ina tufkar igiyar guga
sai in ji ihu kamar an ga kububuwa a rumbu.
Yara na sunkuyawa, suna kāre kai da hannu,
wai mota ta fito daga gilashi za ta bi ta kansu.
Har Ladidi mai awara ta bar mai a wuta,
ta saka, ta ce wayyo, ta taka jelar kare.

Suka ce, Baba Tsalha, zo ka ga zurfi.
Ni za a nuna wa zurfi?
Shekara arba'in da ɗaya ina haƙar rijiya,
daga Taura zuwa Majiya an sha gumina a randa.
Na san inda jar ƙasa ke sallama, marmara ta karɓa,
na san ƙanshin yashi in ruwa ya kusa.
Gaba goma sha takwas na taɓa sauka
har sama ta koma kamar bakin ludayi.

Na dai je. Furfura ba ta kashe son gani.
Na kwance hamsin daga bakin zani,
ya goge tabaran da gefen riga,
ya ɗora min a karan hanci.
Na duba.
Mota ce dai, a manne,
shafal kamar hoton kalanda,
titi a kwance, ba ciki ba waje.
Yara sun yi tsit suna jira in zabura.
Baba, ba ka ga ta taho ba?
Na ce tana nan inda kuka ajiye ta.

Sai yaron ya kalli fuskata
ya tuna abin da gari ya gani har ya daina gani:
idona na hagu yana can ƙasan wata rijiya
tun ran da tsakuwa ta yi tsalle daga bakin diga.
Ya rage murya. Kawu, abin ido biyu yake so.
Dama da hotonsa, hagu da nasa,
ƙwaƙwalwa ce ke ɗinke su,
a ɗinkin nan zurfin yake fitowa.

To, ashe zurfin nasu adashe ne,
sai kowa ya zuba ake kwasa.
Na ce a maido min ashirin da biyar
tunda ido guda ne ya yi kallo.
Aka yi dariya, na taya su.
Barau ya leƙo fari fat da gari,
ya soma karin maganar nan ta mai ido ɗaya da makaho,
na ce riƙe abinka, na gode Masa tun ba a haife ka ba.

Da la'asar na bi ta tsohuwar rijiyar bayan gari.
Ƙaramar jikar Ladidi ta biyo ni, ba takalmi.
Ta ce, to kai da me kake gani?
Na ba ta tsakuwa, na ce rufe duka biyun, ki sake ta.
Ɗaya.
Biyu.
Har ta buɗe baki za ta ce ta ɓata,
can ƙasa ruwa ya amsa.
Ta ce, tab, da nisa.
Ta ruga, layinta ya zo a rumfa.

Ban faɗa wa Ɗayyabu ba,
amma a mafarki har gobe idona biyu ne.
Daren nan motar ta zo,
ta fito daga gilashin, ja, da ƙararta,
na sunkuya sai da na buge goshi da bango.